An sallami yaro daga asibiti, amma maganarsa ba ta dawo ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da iyaye da malaman makaranta a kan yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, aka yi jinya ya farfaɗo, aka sallamo shi gida. Mu ma'aikatan lafiya ne masu kula da irin waɗannan yara. Abin da ya sa muka rubuto shi ne, ranar sallama dangi kan cika gida da barka da arziki, kowa ya ɗauka an gama. Alhali a ranar ne aikin dawo da magana da tunani yake farawa, kuma mafi yawansa a tsakar gida za a yi shi.

Hanyoyin da ƙwaƙwalwar yaro ke taɓuwa a ƙasarmu sanannu ne. Akwai faɗowa daga babur ɗin da aka jera wa yara uku ko huɗu ba hular kwano, da faɗowa daga bishiyar mangwaro ko kan soro, da nutsewa a kududdufi ko rijiya har numfashi ya ɗauke na wasu mintoci. Da damina ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da bazara ga sanƙarau. Akwai kuma gubar dalma, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a Yuganda ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tsira daga zazzaɓi mai hawa kai suna da matsalar tunani bayan shekara 2. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau kan fita da wata nakasa mai ɗorewa.

Kafin mu shiga maganar gida, yaron da ya bugu a kai ya tashi yana magana bai kuɓuta ba tukuna. Jini na iya taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. In cikin kwana biyun farko ya yi ta amai, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko ciwon kai ya ƙaru, ko ya yi jijjiga, ko wani ruwa garau ya fito ta hanci ko kunne, ko ɓari guda ya saki, a kai shi asibitin da ake ɗaukar hoton kai a daren, kada a jira gari ya waye.

Ana yawan ce wa uwa, "Ai yaro ne, zai warware." Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba duka ba. A yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da harshe. In rauni ya tsaya a wuri guda a hagun ƙaramin yaro, ɓangaren dama kan karɓi aikin fiye da yadda zai yi wa babba. Amma in raunin ya bazu ko'ina, kamar na mummunan hatsarin mota ko na doguwar suma, ɗan shekara 3 ya fi ɗan shekara 13 cutuwa. Babban ya riga ya iya karatu da lissafi, aikinsa tuno abin da ya sani. Ƙaramin kuwa da rauniyar ƙwaƙwalwar zai koyi komai daga tushe. Sannan sashen da ke bayan goshi, mai kula da tsara aiki da kame kai, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Don haka yaron da ya bugu yana ɗan shekara 4 kan yi kamar ya warke sarai, sai ya kai 10 ko 12, lokacin da ake sa ran ya riƙe kansa, sannan giɓin ya fito, a lokacin kuma kowa ya manta da hatsarin.

Saboda haka kada iyaye su bar asibiti sai sun sa an rubuta musu abu biyu: kwana nawa yaron ya yi a sume, da kwana nawa ya yi cikin ruɗewa bayan ya buɗe ido, yana kasa riƙe abin da ya faru jiya. Likitoci na auna zurfin suma da ma'aunin Gilasgo, daga 3 zuwa 15, kuma 8 zuwa ƙasa mai tsanani ce. Ga ƙananan yara masu zazzaɓi akwai ma'aunin Bilantaya, daga 0 zuwa 5. Tsawon ruɗewar nan yana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda tunani zai kasance nan gaba, kuma duk wanda zai duba yaron bayan shekaru zai nemi waɗannan alƙaluman.

A gida, haɗiya ce farko, kafin magana. Naman da ke motsa harshe da maƙogwaro wajen furuci shi ne ke rufe hanyar iska wajen haɗiya, don haka yaron da maganarsa ta lauje sau da yawa abinci na zurara masa cikin huhu. Alamunsa su ne tari ko sarƙewa a kan abinci, murya ta yi gargara bayan ya sha ruwa, ido ya kawo hawaye, cin abinci ya haura minti 30, ko zazzaɓi da ciwon ƙirji mai dawowa. Wani ma ba ya tarin, sai dai a ga limoniya tana maimaituwa. A zaunar da shi a miƙe sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, a leƙa kumatu a ga ba saura sannan a ƙara. Bayan ci ya zauna minti 30 kafin ya kwanta. Tsurar ruwa ya fi komai gudu a maƙogwaro, shi ya sa koko mai kauri ko kunun gyaɗa da aka tace ya fi sauƙin sarrafawa. Fura mai gudaji, da ƙuli-ƙuli, da dambu, da gyaɗa, a dakata da su. Wanda ake kaurara wa abin sha kuma yakan sha ƙasa da buƙatarsa, sai a riƙa duba fitsari, in ya yi ja ya yi kaɗan a koma wa likita. A wanke masa baki safe da dare ko da ta robar hanci ake ciyar da shi. Ɗura kuwa, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu ko jiƙo, tana iya kashe irin wannan yaron.

Na biyu kunne. Sanƙarau na lalata can cikin kunne, kuma wurin kan daskare ya zama ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni, abin da ke sa dashen na'urar ji ya yi wuya daga baya. Shi ya sa ake son a gwada jin duk yaron da ya yi sanƙarau cikin mako 4 da samun sauƙinsa. Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne, domin yana iya jin tafi amma ba ya rarrabe kalmomi, ko kunne guda ne ya mutu. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Wata shida ana koya wa yaro magana alhali ba ya ji, asarar wata shida ce a lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin gyaruwa.

Rashin maganar kansa ba iri ɗaya ba ne, kuma gane irinsa shi ne rabin magani. Wani yaron ya san abin da yake so, yana gane abin da aka ce masa, amma kalmar ta ɓace masa, sai ya ce "abin nan, abin nan", ko ya ce cokali yana nufin wuƙa. Wani kalmomi na zuba daga bakinsa amma ba su haɗa ma'ana, shi ma kuma ba ya fahimtar naka. Wani harshensa lafiya lau yake a cikin kansa, naman bakin ne ya yi rauni, magana ta fito a lauye, ta hanci, da dalalar miyau. Wani kuma bakin na da ƙarfi, amma in ya yi niyyar furta kalma sai leɓe da harshe su yi ta lalube. Da yawa sukan yi shiru ɗungurungum na kwanaki ko makonni bayan suma, kuma wannan shirun galibi yakan wuce. A duk cikinsu babu wanda matsalarsa ke ƙarƙashin harshe. Kai shi wurin wanzami a yanke linzami ko a cire belu ba ya dawo da kalma ko ɗaya, sai dai ya jawo zubar jini da ƙarin wahalar haɗiya.

Akwai wani abu da ke ruɗa iyaye har su yi fushi. Yaron da ya kasa cewa "ba ni ruwa" sai a ji shi ya karanta Fatiha tiryan-tiryan, ko ya ƙirga ɗaya zuwa goma, ko ya rera waƙar gaɗa, ko ma ya yi ashar. Sai a ce ashe yana iyawa, taurin kai ne. Ba taurin kai ba ne. Abin da aka haddace aka maimaita sau dubu, musamman mai kari da rauji, wata hanya daban yake bi a ƙwaƙwalwa, ba hanyar da ake ƙulla sabuwar jimla ba. Wannan hanya mai rai ita ce gadar da za a taka. A ja masa abin da ya sani a tsaya kafin ƙarshe ya cike: "Salamu alai…", ko "Ga ta nan, ga ta nan…". In ya saba cikewa, a ɗora kalmomin buƙata a kan irin wannan karin, a rera "ba ni ruwa" ana buga hannunsa a cinya gaɓa-gaɓa, sannan a riƙa rage waƙar har ta koma magana.

Zaman koyo kada ya wuce minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, da safe bayan karin kumallo da kuma bayan ya yi barcin rana. Mutum guda ne zai yi magana, a kashe rediyo da talabijin, a fuskanci yaron ido da ido. A fara da tabbatar da cewa "e" da "a'a" ɗinsa abin dogaro ne, ta hanyar tambayar abin da aka san amsarsa, kamar a nuna takalmi a ce "Wannan hula ce?" Yara da yawa kan gyaɗa kai ga komai. Daga nan a zaɓi kalmomi 10 da rayuwarsa ke buƙata, irin su ruwa, tuwo, fitsari, ciwo, zo, bari, Umma, Baba, a yi ta amfani da su da kayan gaske a hannu. Maimakon "Me kake so?" a ɗaga abu biyu a ce "Koko ko shayi?" Bayan tambaya a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Nan ne gida mai yawan jama'a ke ɓata aiki ba da niyya ba: yaron yana kan hanyar kamo kalmar, sai yayarsa ta faɗa masa don tausayi, ko kaka ta sake tambayar da wasu kalmomi, sai ya koma farko.

In kalmar ta ƙi zuwa, a taimaka masa hawa-hawa, daga ƙaramin taimako zuwa babba. A fara da ma'ana: "Abin da ake sha in an ji ƙishirwa." In bai samu ba, a ba shi jimla ya cike: "Ina jin ƙishirwa, ba ni…" In bai samu ba, a ba shi gaɓar farko, "ru…". In duk ya gagara, a faɗi kalmar a bar shi ya maimaita, a miƙa masa ruwan. Kada a taɓa riƙe ruwa ko abinci wai sai ya faɗa, domin abin da zai koya daga nan tsoron magana ne. In ya ce "uwa" yana nufin ruwa, ba sai an ce masa ba haka ake faɗa ba, a ce "E, ruwa, ga ruwa." In ya kai kalma ɗaya, a amsa masa da biyu, in ya kai biyu a amsa da uku. Wanda shirunsa ya daɗe a yi masa allon hotuna a kan kwali, a fara da hoto 4 zuwa 6, ko a ɗauki hoton kayan gidan da waya ya riƙa nunawa. Iyaye kan ji tsoron nuni zai sa shi lalaci. Bincike bai nuna haka ba, yaron da ya samu hanyar isar da saƙo ya fi yunƙurin furtawa, kuma ya fi ƙarancin kuka da jifa.

Ga mai laujewar magana akwai abin da ya keɓanta da Hausa. Harshenmu na bambanta ma'ana da hawa da saukar murya da tsayin wasali. Kukan hawaye da kukar miya, garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, Baba mahaifi da Baba gwaggo, baƙaƙensu ɗaya ne. Yaron da muryarsa ta miƙe ba hawa ba sauka zai furta baƙaƙen daidai amma a kasa gane shi. Haka baƙaƙe masu lanƙwasa, da ke buƙatar a ƙulle maƙoshi, kan zube, ƙafa ta koma kafa, ƙara ta koma kara, ɗaka ta koma daka. A riƙa gwada irin waɗannan tagwayen kalmomi da shi, a faɗi ɗaya ya nuna hotonta, sannan shi ya faɗa kai ka nuna. Ya zauna a miƙe, ya ja numfashi, ya faɗi kalma biyu ko uku kawai a numfashi guda, yana raba doguwar kalma gaɓa-gaɓa: ma-ka-ran-ta. Hura balan-balan da kaɗa harshe ba su koya magana, da magana ake koyon magana. In kuma Fulatanci ko Barbarci ake yi a gida, kada a hana shi, harshen da ya fi ƙarfi a kansa kafin ciwon shi ne ya fi zama tushen da za a ɗora sauran.

Tunani ya fi magana ɓoyuwa, domin ba a ganin raunin. Abin da ya fi taɓuwa shi ne tsayar da hankali, da saurin fahimta, da riƙe sabon abu. Tsohon karatunsa na nan, na jiya ne ke zubewa. A ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, ya maimaita da bakinsa kafin ya tashi. Aike babban magani ne in an bi shi daki-daki. A fara da "Kawo tsintsiya", in ya iya kwana uku a jere a ƙara, "Kawo tsintsiya da buta", sannan aiki biyu masu bin juna, sannan shagon ƙofar gida da kuɗi da canji, wani yayansa na biye da shi a baya. Kada a tura shi tsallake titi da wuri, domin auna gudun mota na cikin abin da ke jinkirin dawowa. A ɗaure ayyukan yini da lokutan salla don kada ya dogara da tunawa: magani bayan asuba, karatu da hantsi, barci bayan azahar. Mai matsalar mantuwa kada a bar shi yana canki-canki, domin kuskuren da ya faɗa shi zai manne masa. A faɗa masa amsar daidai ya maimaita, a sake tambaya bayan minti ɗaya, bayan biyar, bayan goma. Malamin allo ya rage masa rubutu zuwa aya ɗaya ko rabi. Ga ɗan shekara 9 zuwa sama, tatsuniya da kacici-kacici da dara suna da amfani, karin magana kuma ma'auni ne mai kyau. In ka ce masa ruwa ba ya tsami banza ya tambaye ka wane ruwa, to har yanzu bai dawo gane maganar da ke da ciki ba, kuma zolayar 'yan ajinsa ma haka za ta riƙa wuce shi.

Halinsa ma kan canja. Yaro mai kunya ya koma faɗin duk abin da ya zo bakinsa a gaban surukai, ko ya yi fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ya zauna shiru sai an ce tashi. Nan ake cewa an sangarta shi, ko aljanu ne. Addu'a ba mai hana ta, mu ma muna yi. Amma duka da sunan ruƙiyya, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da ranƙwashi da mari, cutarwa ce ga kan da bai gama warkewa ba. A lura da abin da ya gabaci fushin, za a tarar galibi gajiya ce, ko hayaniya, ko yunwa, ko an kasa gane abin da yake faɗa. Ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, wannan yaron ma ya fi haka.

Wasu kan samu farfaɗiya bayan watanni. In ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai buge shi, kada a sa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura komai, in ta wuce minti 5 a tafi asibiti. Wani lokaci ba jijjiga ba ce, tsayawa yake ya kafe ido na 'yan daƙiƙu, malami ya ce ba ya sauraro. Fenobabiton, maganin farfaɗiyar da aka fi bayarwa saboda araha, kan sa wasu yara kasala, wasu kuma rashin zama wuri ɗaya. In an ga haka a gaya wa likita ya duba ko a sauya. Yanke magani farat ɗaya, don kuɗi sun ƙare ko don an ga sauƙi, na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa.

Makaranta a koma a hankali, awa ɗaya ko biyu, kwana uku a mako, a ƙara in ba ciwon kai ba kuka da yamma. Ya zauna a gaba, nesa da taga, a ba shi ƙarin lokaci a jarrabawa, a tambaye shi da baki da Hausa kafin a yanke cewa bai sani ba. Ƙwallo da langa da hawan keke sai likita ya yarda, domin bugu na biyu a kan na farko ya fi muni. Sauƙi ya fi gudu a wata 6 zuwa 12 na farko, amma yana ci gaba shekaru, don haka a sake duba yaron a duk mahaɗar da karatu ke ƙara nauyi, wato shiga firamare, da aji huɗu, da shiga ƙaramar sakandare inda malamai ke yawa. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin karatu, ba alfarma makaranta ke yi masa ba.

Malam Edita, masu gyaran magana kaɗan ne ƙwarai a Arewa, kuma a manyan birane suke. Roƙonmu ga ma'aikatun lafiya na jihohi shi ne, duk yaron da ya yi suma a asibiti a sallame shi da takarda guda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da kwanakin sumarsa, da ranar gwajin kunne, da alamun sarƙewa, da ranakun dawowa a wata 1 da 3 da 6 da 12. A kuma koya wa ma'aikatan jinya na ɗakin yara da na sashen gashi waɗannan matakai, su nuna wa uwa da cokali da kofi a hannu kafin ta naɗe tabarmarta.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan kula da lafiyar yara, Kano.